Tsakanin Magani da Guba: Tarihin Tiramol a Hanyar Matamaye

Garin Matamaye, babban birnin gundumar Kance a jihar Damagaram, yana kan hanyar da ta taso daga Zinder ta bi ta Ɗan Barto da Kwangwalam zuwa Daura da Kano. Tun zamanin ayari fatake ke ratsa wannan yanki da goro da kanwa da tufafi. A farkon ƙarnin nan kuwa wata haja ta biyo sawunsu, wadda ba ta da nauyi a kai amma tana da nauyi a kan al'umma, wato ƙwayar taramadol, wadda jama'a ke kira tiramol.

Asalinta maganin ciwo ce. Kamfanin Grünenthal na ƙasar Jamus ne ya haɗa ta a 1962, ya shigar da ita kasuwa a 1977. A lokacin, duniya ta riga ta shimfiɗa tsarin rarraba ƙwayoyi aji-aji: yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta kasa masu sa maye irin su hodar iblis da tabar wiwi cikin jeri huɗu, ta 1971 ta ƙaro masu juya tunani, ta 1988 kuma ta haɗa da sinadaran da ake sarrafa su da su. Nijar ta bi wannan tafarki da dokarta mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999, zamanin mulkin riƙon ƙwarya na Dauda Malam Wanke.

Sai dai kuma taramadol ba ta cikin ko ɗaya daga jerin yarjejeniyoyin nan. Sau da dama ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya suka duba lamarinta, har zuwa 2018, ba su ba da shawarar a saka ta ba. Hujjarsu ita ce, a ƙasashe matalauta inda mofin ke wuyar samu, ita ce ɗan abin da ya rage wa mai ciwon daji ko wanda aka yi wa aiki.

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da yake babu takunkumin duniya a kanta, sai aka riƙa ɗauko ta daga masana'antun Indiya a jiragen ruwa zuwa tashoshin bakin tekun Afirka ta Yamma, daga nan ta hauro arewa. Likita kan rubuta mai ƙarfin miligiram 50 ko 100; wadda ta cika faifan masu tallar magani kuwa ta kai 200 ko 225. 'Yan kabu-kabu da leburori da masu aikin gona suka ɗauke ta maganin gajiya, a ƙarshe wasu suka kasa rabuwa da ita, wasu ta jefa su cikin farfaɗiya.

Da abin ya yi ƙamari, kowace ƙasa ta shiga ɗinke tata ɓarakar. Nijar ta saka taramadol cikin jerin miyagun ƙwayoyi a 2013. Indiya ta ƙuntata fitar da ita a 2018, shekarar da Nijeriya ta haramta maganin tari mai kodin. Ba a jima ba masu fataucin suka koma ga wata ƙwayar, haɗin tafentadol da karisofurodol, wadda Indiya ba ta hana yin ta ba sai a 2025.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Ana rubuta jerin ƙwayoyi a Biyana da Yamai da Abuja, amma a garuruwan bakin iyaka irin Matamaye ake ganin amfaninsa ko giɓinsa. Muddin jerin maƙwabta ya saɓa, ɗan fatauci zai bi ta inda ya fi sauƙi. Idan kuma aka tsananta ba tare da an wadata asibitoci da halattaccen maganin ciwo ba, majinyaci ne zai biya bashin da bai ci ba.