Kwancin Kaza: Yadda Ake Kula da Uwa da Ƙwai Har 'Yan Tsaki Su Rayu

Kwanci shi ne halin da kaza ke shiga bayan ta tara ƙwai, ta daina saka sabo, ta lafe a gurbi dare da rana tana ɗumama su har su ƙyanƙyashe. A ƙauyuka da unguwannin Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar, ta wannan hanya ce kajin gida ke yaɗuwa, kuma galibinsu mallakar mata ne. Da su ake sayen littafin makaranta da maganin zazzaɓi, da su ake fita kunyar baƙo.

Muhimmancin kwanci ya ƙaru tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lokacin da kuɗin sufuri da na abincin kaji suka yi tashin gwauron zabo. Yawancin 'yan tsakin gidan gona da ake sayarwa a Arewa daga kamfanonin Kudu maso Yamma ake ɗauko su, musamman yankin Ibadan. Injin ƙyanƙyasa kuwa yana buƙatar wutar da ba ta yankewa har mako uku, abin da gidaje kaɗan ne ke iya samu. Kazar Hausa tana yin wannan aiki da zafin jikinta kawai. Sai dai yawan abin da zai rayu daga gurbinta ya dogara ne ga kulawar mai ita.

Wace kaza ce ke kwanci

Wani sinadari mai suna furolaktin ne ke ƙaruwa a jikin kaza, ya tsayar da saka ƙwai, ya ɗora mata son zama a gurbi. Kajin gidan gona masu saka ƙwai kusan 300 a shekara an tace irinsu ne har wannan ɗabi'a ta kusa ɓacewa, domin kazar da ke kwanci ba ta saka. Kazar gida kuwa takan saka tsakanin 40 zuwa 60 a shekara, a zubi uku ko huɗu, kuma kusan kowane zubi kwanci ne ke biye da shi.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Kazar za ta kwana a gurbi maimakon inda ta saba hawa. Idan aka kai hannu, sai ta baza gashi, ta yi wani kuka mai kauri, ta kai sara. Takan fige gashin ƙirjinta domin fatarta ta taɓa ƙwan, kuma sau ɗaya take fitowa a rana. Kyautuwa ya yi a ba ta kwana biyu ko uku a tabbatar ta zauna da gaske kafin a damƙa mata ƙwan da ake ji da su, domin budurwar kaza takan fara ta fasa.

Zaɓen ƙwai

Ƙwan da zakara bai taka uwarsa ba ba zai taɓa zama tsako ba. Zakara ɗaya mai lafiya ya isa kaji kamar goma, kuma yana da kyau a riƙa musanya shi da na wani gida lokaci zuwa lokaci, domin kada iri ya raunana saboda barbarar dangi.

A zaɓi ƙwai matsakaici, mai tsabta, marar tsaga. Kada a wanke shi, domin akwai wani siririn rufi a bayan ɓawon da ke hana ƙwayoyin cuta shiga. Ƙwan da ya wuce mako guda a ajiye ƙarfinsa yana raguwa, bayan kwana goma kuwa ragin ya yi yawa. A ajiye su a wuri mai sanyi, tsinin yana kallon ƙasa. Wannan ya fi muhimmanci a bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri: a irin wannan yanayi ɗan tayin da ke cikin ƙwai yakan fara girma tun kafin kwanci, ya mutu. Tukunyar ƙasa da aka girke a kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa tana rage wannan asara.

Kazar gida tana iya rufe ƙwai 8 zuwa 12, gwargwadon girmanta. Idan ana hango ƙwai a gefen fikafikanta, sun yi mata yawa. Kwaɗayin ƙari yana jawo hasara biyu, domin tana juya su, wanda ya sha sanyi yau ya koma tsakiya, wani kuma ya fito gefe gobe. A sa su duka a rana ɗaya, a yi wa kowanne alama da fensir, a rubuta ranar. Duk ƙwan da aka tarar ba alama, wata kaza ce ta saka, a cire shi a ranar.

Gurbi

Gurbi yana son duhu da shiru da iska, nesa da sauran kaji. Fasasshiyar tukunya, kwando ko kwali duk suna yi. A zuba yashi ko ƙasa a ƙarƙashi, a barbaɗa toka, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a yi masa ɗan zurfi kamar akushi domin kada ƙwai su gangara. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa ƙwarai, ɗan danshi a ƙasar da ke ƙarƙashin ciyawa yana hana fatar cikin ƙwai ƙeƙashewa ta riƙe tsako. Da damina kuma a ɗaga gurbin daga inda ruwa ke kwanciya.

Idan ta zaɓi wurin da bai dace ba, da dare ake ɗauke ta tare da ƙwanta, a rufe ta kwana ɗaya har ta saba. A duba ƙarƙashin fikafikai da gindin wutsiya tun kafin ta zauna, domin ƙuma da kwarkwata na cikin manyan dalilan da ke sa kaza ta guje wa gurbi. A toshe duk wata kafa da ɓera, gafiya, maciji ko muzuru za su iya bi.

Kwana 21

Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, a ɗumin da ya kai kusan digiri 37.5. Uwar ce ke juya su da baki sau da yawa a rana. Aikin mai ita shi ne ya ajiye mata hatsi da ruwa mai tsabta kusa, amma ba a cikin gurbi ba, da wurin birgima a toka ko ƙura. Fitar minti ashirin zuwa talatin ba ta cutar da ƙwai. Kazar da ta ƙi tashi kwana biyu a jere, a ɗaga ta a hankali a kai ta ga abinci, domin kwanci yana ramar da ita.

Tsakanin rana ta 7 da ta 10, a haska kowane ƙwai da tocilan a cikin duhu. Mai rai zai nuna jijiyoyi ja kamar saƙar gizo-gizo da ɗigon duhu a tsakiya. Wanda haske ya ratsa fayau babu komai a cikinsa, wanda kuma ya nuna zoben jini ya mutu. A fitar da su, domin baragurbi yakan fashe ya ɓata sauran.

Daga rana ta 18 a daina taɓa ƙwan. Tsako yakan huda ɓawo, ya huta, ya ɗauki awa 12 zuwa 24 kafin ya fito. Ɓare masa ɓawo da hannu yakan tsinka jijiyoyin da ba su gama janyewa ba, jini ya zuba. Ragowar gwaiduwar da ya shanye tana riƙe shi har kwana biyu, saboda haka babu gaggawar ba shi abinci. Abin da bai fashe ba zuwa rana ta 23, a binne shi.

Ana kuma sa wa kaza ƙwan zabi, domin zabuwa ba ta cika riƙon 'ya'ya ba. Shi yana ɗaukar kwana 26 zuwa 28, na talo-talo 28, na agwagwar gida kusan 35. Wanda zai haɗa na zabi da na kaza a gurbi ɗaya, ya fara sa na zabin da mako guda.

Inda asarar take

Kazar gida takan ƙyanƙyashe mafi yawan ƙwanta. Mutuwar tana zuwa ne a makonnin farko, idan aka sake ta da 'ya'yanta cikin gari: shirwa da shaho da hankaka daga sama, tunku da muzuru daga ƙasa, ga raɓa da ruwan sama, ga yunwa. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma tsoronta kaɗai bai isa ya ceci tsaki goma ba. A tsare su tare da ita a akurki ko ƙarƙashin babban kwando mako huɗu zuwa shida. A ba su ruwa a faranti marar zurfi da aka zuba wa tsakuwa, domin kada su nutse. Wanda ba shi da halin sayen abincin kamfani, ya ɓarza gero ko masara ya haɗa da garin ƙuli-ƙuli da na busasshen kifi, ya ƙara musu da gara.

Babbar annoba ita ce cutar Niyukasul, wadda ke tsananta a hunturu. Alamunta su ne koren zawo, numfashi da ƙyar da murɗewar wuya, kuma takan share gida gaba ɗaya cikin kwanaki. Ba ta da magani, kuma kafson mutane da ake zubawa a ruwan kaji ba ya kashe ta, sai dai ya ƙara wa wasu ƙwayoyin cuta taurin kai. Rigakafi ne kawai kariya. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa rigakafin wannan cuta, har da nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido duk bayan wata uku zuwa huɗu. Kazar da aka sayo daga kasuwa kuma a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Idan kaji suka fara mutuwa farat ɗaya da yawa, a sanar da ofishin likitan dabbobi, kada a ci, kada a sayar. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, tana iya kama mutum.

Idan ba a son kwancin

An ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma wani lokaci lissafin gida yana tabbatar da hakan: kazar da ta yi kwanci ta yi reno za ta shafe kusan wata uku ba ta saka ba. Mai kaji biyar yana iya barin biyu mafi iya reno su yi kwanci, ya riƙa kwashe ƙwan sauran kullum. Wadda ta nace, a sa ta a keji mai iska marar shimfiɗa, da abinci da ruwa, kwana uku zuwa biyar. Tsoma ta a ruwa ko hana ta abinci wahalar da dabba ne kawai.

Duk matakan nan mai kaza zai iya ɗaukarsu da kansa, in ban da rigakafi. Kwalba guda ta kaji masu yawa ce, kuma ba ta daɗewa bayan an buɗe, saboda haka sai maƙwabta sun haɗu a rana ɗaya, sai kuma an sami wanda zai kawo ta ƙauye da ingancinta. Wannan aikin malaman gona ne da ofisoshin lafiyar dabbobi na jihohi da ƙananan hukumomi, da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka ƙirƙiro a 2024. Mai bibiyar kasafin kuɗin jiharsa yana da damar ya nemi sanin nawa aka ware wa rigakafin kajin gida, da ƙauyukan da ya isa kafin hunturu ya shigo.