Kafuwar Gidauniyar Kimiyya ta Amurka

Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NSF, hukuma ce ta gwamnatin Amurka da ke ɗaukar nauyin binciken kimiyya a jami'o'i. Tushenta Yaƙin Duniya na Biyu ne. A 1945 Vannevar Bush, wanda ya jagoranci masana a lokacin yaƙin, ya miƙa wa Shugaba Truman rahoto yana neman kada gwamnati ta janye hannu daga bincike don an ajiye makamai.

An yarda da buƙatar, sai dai an yi shekara biyar ana kai ruwa rana a kan wa zai riƙe lalitar. Bush ya so a bar wa masana wuƙa da nama, su ba wanda ya fi cancanta. Sanata Harley Kilgore kuwa ya dage cewa kuɗin jama'a ne, don haka zaɓaɓɓu su sa ido, a kuma raba wa jihohi, kada manyan jami'o'i ƙalilan su wawashe. Kowanne yana da hujja mai ƙarfi. A 1947 majalisa ta zartar da ƙudurin da ya bi ra'ayin Bush, Truman ya ƙi sa hannu saboda ba a ba shugaban ƙasa ikon naɗa daraktan gidauniyar ba. Sai ranar 10 ga Mayu 1950 ya amince, bayan an ba shi wannan iko.

Da ƙyar gidauniyar ta tashi: a 1952 dala miliyan 3.5 kacal aka ba ta. Abin da ya buɗe bakin aljihun majalisa tsoro ne. Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan adam na Sputnik a Oktoban 1957, zuwa 1959 kasafin ya kai dala miliyan 134.

Tun daga nan ilimin zamantakewa ne ya fi shan duka. Dokar 1968 ce ta shigar da shi aikin gidauniyar a hukumance, amma a 1975 Sanata William Proxmire ya yi wa wani bincike kan soyayya, na dala 84,000, ba'a a bainar jama'a a matsayin almubazzaranci. A 2013 Sanata Tom Coburn ya sa aka taƙaita tallafin nazarin siyasa ga abin da zai amfani tsaro ko tattalin arziki, sharaɗin da aka cire a kasafin 2014.