Auna lokacin tambayoyi a rumbun bayanai: mene ne shi, kuma me yake magancewa?

Rumbun bayanai shi ne ma'ajiyar da kwamfuta ke tsare sunaye, lambobi, kuɗaɗe da ranaku bisa tsari. Duk sa'ad da ma'aikaci ya latsa maɓalli yana neman wani abu, manhaja na aika wa rumbun tambaya, galibi da harshen SQL. Auna lokacin tambayoyi kuwa shi ne lissafa tsawon lokacin da kowace tambaya ta ci kafin amsa ta fito, a tara alƙaluman, a riƙa duba su.

Inda abin ya shafi jama'a

Hukumar duwan ta Nijar na aiki da SYDONIA, tsarin da hukumar CNUCED ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara ƙirƙira a farkon shekarun 1980. A gari irin Birnin Konni, mashigar kaya tsakanin Nijar da Najeriya, kuma hanyar motocin albasar Galmi da simintin Malbaza, takardar kaya sai ta bi ta kwamfuta. Haka ma a bankuna da shagunan aika kuɗi. Idan na'ura ta yi nauyi, abin da aka saba ji shi ne "babu rezo". Amma ba kullum laifin rezo ba ne: wani lokaci tambaya ce ke bin miliyoyin layuka ɗaya bayan ɗaya. Awo ne ke raba gardama.

Abin da ake tarawa

Ga kowane irin tambaya ana rubuta sau nawa aka yi ta, jimillar lokacin da ta ci, matsakaicinsa, mafi tsawo da mafi gajarta, da yawan layukan da ta dawo da su. Tambayoyin da suka bambanta da lamba ko suna kawai ana haɗa su wuri guda.

Jimilla ta fi muhimmanci. Rahoton da ke cin minti ɗaya, sau ɗaya a rana, bai kai ƙaramar tambaya nauyi ba, wadda ke cin kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa amma ana yin ta sau 500,000: wannan daƙiƙa 10,000 ke nan, kusan awa uku.

Kayan aikin

PostgreSQL na da pg_stat_statements tun fitowa ta 8.4 a 2009, wanda ke riƙe nau'in tambayoyi 5,000 idan ba a sauya saitinsa ba. MySQL na da kundin tambayoyi masu jinkiri. Idan an kunna shi, yana rubuta duk wadda ta wuce daƙiƙa 10, sai in an rage ma'aunin. Oracle na ɗaukar hoton alƙaluman kowace awa ta hanyar AWR, Microsoft kuma ya ƙara Query Store a SQL Server 2016.

Bayan awo

Da zarar an gano mai cin lokacin, magani yakan zama ƙara fihirisa, wato jerin da ke kai rumbun kai tsaye ga layin da ake nema, ko sake rubuta tambayar, ko ɗage manyan rahotanni zuwa dare. Sau da yawa hakan ya fi sayen sabuwar na'ura araha.

Sai dai awon kansa na ɗan ƙara wa na'ura aiki, kuma kundin tambayoyi masu jinkiri yakan ɗauke sunaye da lambobin mutane yadda suke. Don haka ba kowane ma'aikaci ya kamata a bar wa mabuɗinsa ba.