George Engel, likitan da ya auna baƙin ciki

A wajenmu idan aka ce "baƙin ciki ne ya kashe wane", ba mai yin gardama. Amma a manyan makarantun likita na Turai da Amurka an daɗe ana ɗaukar wannan magana kamar zancen tsofaffi. Cikin waɗanda suka duƙufa bincike har ta samu shiga littattafan likita akwai George Engel, Ba'amurke, wanda aka haifa a birnin New York a 1913, ya rasu a 1999.

Da farko shi kansa bai ba zancen muhimmanci ba, likitan cututtukan jiki ne kawai. A 1946 ya koma jami'ar Rochester, kuma a can ne a 1953 suka gamu da wata jaririya da suka kira Monica a rubuce-rubucensu. An haife ta hanyar abincinta a toshe, sai aka huda cikinta aka sa tiyo ana ba ta abinci ta nan. Ta wannan kafa Engel da abokin aikinsa Franz Reichsman suka riƙa ɗibar ruwan tsamin da ciki ke fitarwa don narkar da abinci, suna aunawa. Idan likitan da ta saba da shi ya zo, ta yi murna, sai ruwan ya ƙaru. Idan baƙo ne ya tsaya mata, sai ta kau da kai, jikinta ya saki, barci ya kwashe ta, ruwan kuma ya ɗauke. Kun ga ke nan abin da ke ran yarinyar da ko magana ba ta iya ba ya fito a ma'auni. Sun bi rayuwarta shekaru da dama, har ta yi aure ta haihu, suka lura tana shimfiɗe jariranta a cinya ta ba su madara ba tare da rungumarsu ba, kamar yadda aka ciyar da ita.

A 1971 ya fitar da bincike kan mutum 170 da suka yi mutuwar farat ɗaya, akasari labaran da ya tara daga jaridu: wani bayan rasuwar matarsa, wani cikin tsananin tsoro, wasu ma cikin murna. Abin ya taɓa shi kansa. Tagwaye ne shi da ɗan uwansa Frank, wanda ciwon zuciya ya kashe a 1963. Wata goma sha ɗaya bayan nan zuciyar George ta buga, ya rayu, daga baya ya rubuta labarin a mujallar masana.

Rubutunsa da ya fi tasiri ya fito a 1977 cikin mujallar Science. Ya ce likitan da ke duba gaɓar da ke ciwo kaɗai ya bar aiki rabi. Sai ya haɗa jiki, da tunanin mara lafiya, da zamansa cikin iyali da jama'a. Dubban masu bincike sun ambaci wannan maƙala, kuma makarantun likita da yawa sun sa koyon hira da mara lafiya cikin karatunsu.

Sai dai fa wannan fanni ya sha wuce gona da iri. Magabatan Engel sun ɗora gyambon ciki kusan kacokan kan damuwa, har wasu likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa, suka karɓi kyautar Nobel a 2005. Shi ma Engel masu suka sun ce ya faɗi abubuwa uku da za a duba, bai faɗi wanne ya fi nauyi ga wane ciwo ba. A ganina sukar na da gaskiya, musamman ga likitan da ke da minti biyar da dogon layi a bakin ƙofa.