Shekarar da Aka Kulle Kasuwa

A watan Maris na 2020 wayoyinmu sun cika da hotunan manyan kantunan Ingila da Amurka da Ostireliya. Kantoci wayam, babu taliya, babu gari, babu sabulu, ga manya da furfurarsu suna ƙwace da ƙwace a kan takardar bayi. Mu mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, masu buta a kowane lungu na gida, dariya muka riƙa yi muna tura wa juna. Wata guda bayan nan abin ya iso ƙofarmu, sai dai da wata kama ya zo. A nan kantar mai shago ba ta bushe ba sosai. Kaya na nan a jere, mai saye ne ya rasa abin miƙawa, kuma hanyar da zai bi ya nemo ita ma an datse ta.

Ya kamata mu fara da dalilin da ya sa kantunan can suka zama fayau, don ba abinci ne ya ƙare a ƙasashen ba. Babban kanti na zamani ba ya tara kaya. Abin kwanaki kaɗan yake ajiyewa, manhaja tana lissafa abin da aka saba saye, motoci suna cike gurbi kullum dare. Mu da muke rubuta irin waɗannan manhajoji mun san raunin tsarin: an gina shi ne a kan cewa gobe za ta yi kama da jiya. Ranar da kowane gida ya ce bari ya sayi na mako biyu maimakon na kwana uku, sai abin ya tsaya cak, kamar yadda shafin duba sakamakon jarrabawa yake sanƙarewa idan ɗalibai duka suka afka masa a safiya ɗaya. Daga nan hoton kanta babu kaya ya shiga Facebook da WhatsApp, wanda bai yi niyyar saye ba ma ya zari mota. Amma rububin saye irin wannan yana bukatar abu uku: kuɗi a hannu, wurin ajiya mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, da abin hawan da zai kwaso kayan. Mutum nawa ne a Gwiwa suka haɗa ukun nan?

Ajiyarmu ta wata siga ce. Akwai rumbu a bayan gida, inda gero da dawa da wake suke kwana tun kaka. Akwai kasuwar mako-mako, wadda kowane gari yake da ranarsa. Sai shagon unguwa, inda ake sayen sukari na naira hamsin da man gyada a ƙullin leda, kuma inda littafin bashi ya fi kowace kanta muhimmanci. Wannan na ukun igiyarsa a Kano take ɗaure. An yanke Jigawa daga Kano a 1991, amma cikinmu bai san da wannan ba. Shinkafa da taliya da sukari da madara daga kasuwar Singa suke tasowa, farashin hatsi kuma a Dawanau ake jin ɗuminsa, motoci su biyo titin Dambatta su sauke a Kazaure, daga nan masu babura da ƙananan motoci su rarraba zuwa Roni da Gwiwa da ƙauyukansu. Babura kuwa tana da ƙafa ɗaya a Kano, ɗaya tana kallon iyakar Nijar, iyakar da gwamnatin tarayya ta riga ta rufe tun watan Agusta na 2019. Wato kafin korona ta zo, ƙofar arewa a garƙame take.

Ga yadda kwanakin suka bi juna. An tabbatar da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, a jikin wani ɗan Italiya a Legas. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja, Ogun ta biyo baya. Kano ta sami mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, ranar 14 Gwamna Ganduje ya sanar da kulle na mako guda wanda zai fara daren Alhamis 16 ga wata. Wannan tazarar ta kwana biyu ita ce ta haifar da rububin saye na gaske a yankinmu. Aka yi cincirindo a kasuwannin Kano, kafaɗa da kafaɗa, abin da dokar ta zo hanawa shi ta fara jawowa. Masu shaguna daga garuruwanmu su ma suka yi sammako don su yi sari kafin a rufe. Kwanaki kaɗan bayan haka aka sami mai cutar daga Kazaure, cikin na farko-farko a Jigawa, gwamnatin Badaru Abubakar ta kulle ƙaramar hukumar, aka kuma hana kasuwannin mako ci. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu. Ranar 27 Shugaba Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu, ya kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi.

A takarda, motocin abinci ba sa cikin dokar. A kan titi kuwa shinge ne bayan shinge, kuma kowane shinge yana da kuɗinsa, wanda a ƙarshe mai sayen kwano ɗaya ne yake biya.

Wa ya yi rububin a cikinmu? Mai albashi, da ɗan kasuwa, da wanda yake da ɗa a birni mai turo kuɗi ta waya. Su ne suka sayi buhu maimakon kwano, katan maimakon ƙwaya. Ba mu ga laifinsu ba, kowa ya ji za a rufe ƙofa zai jawo abin da hannunsa ya kai. Amma buhun da aka ɗauke gaba ɗaya shi ne wanda a da za a auna wa gida arba'in, kuma da mai awo ya ga buhunansa na raguwa, babu tabbacin yaushe mota za ta sake zuwa, sai ya ɗaga farashi. Mai shago ya duba littafin bashi ya ga shafuka na cika, sari ya tsaya, ya fara cewa a yi haƙuri. Ga ɗan acaba da ɗan dako da mai wankin hula da matar da take tuyar ƙosai, ranar da aka rufe littafin nan ita ce ranar da kantarsu ta bushe, ko da kuwa kaya na nan a gabansu suna kallo.

Abin da masu tsara dokar daga ofis ba su auna da kyau ba shi ne, a wurinmu kasuwa ba wurin saye kawai ba ce. Nan ne bankinmu. Afrilu tsakiyar bazara ce, rumbu ya yi ƙasa, damina ta kusa, ana bukatar taki da kuɗin huɗa. Manomi ba ya ajiye kuɗi, akuya yake ajiyewa, da tunkiya, da kaji, da ɗan buhun riɗi. Idan hatsi ya ƙare sai ya ja akuya ranar kasuwa ya dawo da gero. Da aka ce kasuwa ba za ta ci ba, akuyar tana nan a turke amma ta daina zama kuɗi. Wanda ya matsu sai ya sayar a ƙofar gida ga dillali ɗaya tilo da ya leƙo, a farashin da dillalin ya ga dama. Dabba na faɗuwa, hatsi na tashi. A lokaci guda kuma bakuna suka ƙaru a gidaje: jihohi suka riƙa mayar da almajirai garuruwansu, 'yan ci-rani wasu suka dawo hannu rabbana, wasu suka maƙale a kudu babu aiki babu abin aikowa.

Ƙarancin abinci ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Kakanninmu har suna suke raɗa wa shekarun yunwa. Ruwa ya ƙi sauka a daminar 1913, shekarar da ta biyo baya aka yi yunwar da ake kira Kakalaba. Jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, gyaɗa ta fara cin gonakin hatsi, Bature kuma yana karɓar haraji da kuɗi ko an yi amfani ko ba a yi ba. Mutane suka riƙa gangarowa daga arewa, daga ƙasar da Faransa ke mulka, suna nufar kudu neman abin kaiwa baki, kuma tsohuwar hanyar Damagaram zuwa Kano ta ƙasar Daura da Kazaure ta bi. A farkon shekarun 1940 aka yi wadda ake kira 'Yar Gusau, sunan da ya samo asali daga garin da aka riƙa zuwa nemo hatsi. A farin 1973 dabbobi suka mutu, ƙauyuka suka kwarara birni. A duk waɗannan, maganin talaka ɗaya ne: ya tashi ya tafi inda abinci yake, ya sayar da ƙarfinsa ko dabbarsa, ya dawo da abin da ya samu. Ci-rani kansa daga wannan hikimar ya fito, a rage baki ɗaya a gida don rumbu ya kai damina. A 2020 ruwan sama bai yi mana laifi ba, hatsi yana nan a Dawanau, amma ƙafar da aka saba dogara da ita ce aka ɗaure. A ganinmu wannan ne ya bambanta shekarar da sauran.

Rububin saye irin na kanti ma mun taɓa ganin ɗan'uwansa. Iyayenmu suna tuna 1984, zamanin mulkin soja na Buhari da Idiagbon, lokacin da shinkafa da madara da sukari da sabulu suka yi ɓatan dabo, aka riƙa bin dogon layi, sojoji suna buɗe shaguna da ɗakunan ajiya suna sayarwa a farashin gwamnati. Kayan suka ƙara ɓuya. Mu kuma mun ga na Agustan 2014, lokacin Ebola, daren da saƙo ya zaga wayoyi cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Kafin gari ya waye an buga wa dangi na nesa da na kusa, an tashi yara daga barci, wasu suka sha har aka kwantar da su a asibiti, aka kuma yi asarar rai. Namijin goro ma ya yi tsada a kwanakin. A Maris na 2020 sai ga kulorokwin: shugaban Amurka na lokacin ya ambaci sunansa, nan da nan aka yi wawarsa a kemis-kemis na Legas, har hukumomin jihar suka yi gargaɗi a kan waɗanda suka sha fiye da kima. Duk inda abin saye yake da arha, gishiri ko ƙwaya, talaka ma yana shiga rububin da ƙafa biyu. Ba haƙuri ne ya hana shi tara buhun shinkafa ba.

Ba muna cewa cutar ƙarya ce ba, ko da yake da yawa a majalisunmu haka suka ɗauka. A makonnin nan ne maƙabartun Kano suka cika da sababbin kaburbura, manyan malamai da dattawa suka riƙa tafiya a jere. Daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomin cikin birnin, kuma rabi ko fiye da haka ana danganta su da korona. Tsoron yana da tushe. Abin da muke tuhuma shi ne ɗauko dokar da aka ɗinka wa ƙasar masu firji da albashi aka saka mana ba tare da an rage mata tsawo ba. Kano ma da kanta ta gane hakan, a farkon Mayu ta ware Litinin da Alhamis a fita sayen abinci na 'yan sa'o'i. Sakamakon shi ne mutanen mako guda suka riƙa haɗuwa a kasuwa cikin yini biyu.

Tallafi fa? An sanar da fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbun gwamnatin tarayya, manyan 'yan kasuwa da bankuna kuma suka haɗa gidauniyar CACOVID. Abin da ya iso unguwanni da yawa bai wuce a raba kwano-kwano ba, wasu ko ƙyallinsa ba su gani ba. Abin da ya riƙe mutane a azumin nan shi ne kwanon da ke tsallaka katanga daga maƙwabta, da zakkar kono da aka fitar gab da sallar 24 ga Mayu, da mai shagon da ya sake buɗe littafinsa don ba zai iya haɗa ido da mai gidan da suke sahu ɗaya a masallaci ba. Sai a watan Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, aka ga inda wani kaso na tallafin ya kwana: jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da Ilori da wasu garuruwa, suka fito da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya masu tambarin CACOVID. Gwamnatocin jihohin suka ce jiran lokacin rabo ake yi. Watanni shida ke nan da fara kulle.

Kano ta ɗage dokar gaba ɗaya a farkon Yuli, kasuwannin mako suka dawo ci ɗaya bayan ɗaya, aka yi damina aka girbe. Farashi dai bai koma gidansa na da ba. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta tashi daga kashi 15.03 cikin ɗari a Afrilu zuwa 19.56 a Disamba. A cikin Disamban ne, ranar 16 ga wata, aka sake buɗe iyakoki huɗu na ƙasa, har da ta Maigatari, mai kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis, bayan wata goma sha shida a rufe. Shigo da shinkafa kuwa aka ce haramcinsa yana nan.