Ruwan Kurra da Ɗiban Gwamna

Mutumin da aka haifa a ƙasar Kankiya ko Kusada ruwa iri uku ya sani: na rijiya, da na tafki, da na rafin da kan cika da damina ya koma yashi kafin a gama kaka. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya samun inda zai faɗo. Saboda haka in an gaya masa akwai wurin da kogi ɗungum ya ke tsirgowa daga kan dutse, yana rugugi kamar cida, yana ta da feshi kamar hayaƙi, da wuya ya gaskata. Amma akwai. Irin wannan wuri shi a ke kira matsirga, kuma a ƙasar Arewa duwatsun Jos sun yi suna da su.

Ƙasar Jos tudu ce babba, bisanta ya fi ƙafa 4,000, duwatsun Shere kuwa sun tasam ma ƙafa 6,000. Don haka ta ke da sanyi, ruwan sama kuma ya fi na Katsina yawa nesa ba kusa ba. Daga nan manyan koguna su ke tasowa. Kogin Kaduna ya nufi Kwara, Gongola ya nufi Binuwai, Dilimi kuwa ruwansa ya bi ta wajen Tafkin Cadi. Ta kudu da yamma bakin tudun a tsaye ya ke kamar bango, to, duk ruwan da ya zo nan ba shi da hanya sai ya faɗa. Haka aka sami matsirgar Assop kusa da Hawan Kibo, da ta Kwall a ƙasar Irigwe, da ta Kurra kudu da Barikin Ladi. Can yamma kuma, daf da Kafancan, ga wadda sunanta ke nan, Matsirga.

A zamanin yanzu 'yan makaranta da ma'aikata su kan je waɗannan wurare don shan iska, su ɗauki hoto, su komo gida. Amma ba shan iska ya fara kai mutanen ƙasar Hausa can ba. Kuza ce ta kai su.

Tun kafin zuwan Turawa akwai masu narka kuza a Riruwai, suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake na saye. Irin wannan kuza ce ma'aikatan Kamfanin Neja suka gani a kasuwanni, suka shiga cigiyar inda ta ke fitowa. Cikin 1903 wani Bature, Kanar Laws, ya hau tudun, daga baya ya kafa sansani a Naraguta. Mutanen ƙasar, su Birom da maƙwabtansu, ba su karɓi baƙin da hannu biyu ba, sai da aka yi musu ƙarfin bindiga. Kafin shekara goma kamfanoni sun cika ƙasar. Cikin 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos, cikin 1927 kuma babban layi ya hawo daga Kafancan. Tun daga sa'an nan 'yan cin rani daga Kano da Katsina da Zazzau suka riƙa zuwa bariki, suna ɗaukar ƙasa a kwano, su sami kuɗin haraji da na aure, su koma gida kafin shuka.

To, haƙar kuza aiki ne mai cin ƙarfi. Kuzar tana kwance cikin tsakuwa a ƙarƙashin ƙasa, sai an yaye ƙasar sama, an jawo ruwa an wanke, sa'an nan baƙar kuza ta zauna a ƙasa saboda nauyinta. Da ramuka suka yi zurfi, sai aka bukaci injuna masu zuƙe ruwa da masu yaye ƙasa. Itacen da za a hura musu wuta ya yi ƙaranci, gawayin Inugu kuwa kawo shi da tsada. Nan fa hankalin Turawa ya koma kan matsirga, gama sun san yadda a ƙasar Suwizalan da sauran ƙasashe masu duwatsu a ke samun lantarki daga faɗuwar ruwa.

Ga yadda dabarar ta ke. A kan datse kogi can sama, a tara ruwan damina. Sa'an nan a bi da shi ta lambatu har bakin gangare, a dura shi cikin manyan bututun ƙarfe. Nauyin ruwan da tsawon gangaren su ke ba shi ƙarfi, ya daki wata ƙafar ƙarfe mai fukafukai, ita kuma ta juya injin da ke haifar da wuta. Daga nan waya ta ɗauke ta zuwa ramukan kuza. Cikin 1923 aka yi irin wannan aiki a Kwall. Cikin 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya gina tasha a Kurra, daga baya ya ƙara wata a Jekko. Ta haka bariki a bakin ramin kuza ya sami lantarki tun manyan birane da yawa na Arewa suna kwana da fitilar aci-balbal.

Ana nan sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. A farkon 1942 Japan ta ƙwace ƙasar Malaya, inda a ke haƙo kuza mai yawa. Kuza kuwa ba a yin kayan yaƙi da gwangwanin abincin soja sai da ita. Sai Gwamnati ta ce lalle a ƙara yawan abin da Jos ke fitarwa, ta kuwa yi dokar ɗibar mutane tilas. Wannan shi ne abin da talakawa suka sa wa suna ɗiban gwamna.

Umarni kan fito daga Razdan zuwa ga Sarki, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya kira masu unguwa. Lardin Katsina na cikin lardunan da abin ya shafa, a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Wanda aka rubuta sunansa sai ya bar gona da iyali, ya yi wata huɗu a bariki kafin a sallame shi. Mai hali ya kan nemi hanyar kuɓuta, marar gata shi ke tafiya. Wasu kuwa da jin labari sai su shige daji.

Cikin ayyukan da aka sa mutanen ɗiba akwai ginin madatsar Tenti, wadda aka yi don a ƙara wa tashar Kurra ruwa. Wurin fili ne a kan tudu, ba abin da ke tare iska. Mutum ya fito daga ƙasa mai zafi da 'yar taguwa ɗaya, ya tarad da sanyin da bai taɓa ji ba, ga ɗakunan kwana marasa kirki, ga ƙarancin abinci, gama a shekarun nan hatsi ya yi wuya. Ciwon haƙarƙari da atuni suka shiga cikinsu. Mutane da yawa suka rasu, aka binne su can, ba ɗan'uwa ko ɗaya a kusa. Da yawa kuma suka gudu, suka kama hanyar gida da ƙafa.

Cikin 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000, ba a taɓa samun kamarta ba. Amma labarin wahalar ya kai Majalisar Ingila, aka yi ta tambayoyi, su kansu masu mulki suka ga ribar ba ta kai ɓarnar ba. Cikin 1944 aka soke dokar.

Bayan wannan kuza ta yi zamaninta ta wuce. An rufe ƙaramin jirgin Zariya cikin 1957, cikin 1985 kuma farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Manyan injuna suka yi tsatsa, aka bar wa mutanen ƙasar ramuka cike da ruwa a inda dā gonakinsu su ke. Ruwan Kurra da na Assop kuwa suna nan suna zuba kamar yadda Allah ya halitta su.

Saboda haka duk wanda Allah ya nufa da zuwa can daga Kankiya ko Kusada, ya yi ƙoƙari ya je wajen ƙarshen damina, sa'ad da ruwa ya ke da ƙarfi. Ya riƙe bargo, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, ya kuma kiyayi santsin dutse. In ya tsaya yana kallo, yana mamakin ikon Allah, ya tuna akwai waɗanda suka riga shi ganin wannan ruwa da kwano a ka, ba da son ransu ba, wasunsu ma ba su koma gida ba. Ya kamata ya yi musu addu'a kafin ya juyo. Allah ya jiƙansu, ya yi musu rahama, amin.