Aikin Gayya da Ceton Haƙaƙƙun Hanyoyin Ruwa a Ingila: Misalin Hanyar Stratford

Wannan maƙala za ta duba yadda ƙungiyoyin masu aikin sa kai suka ceci haƙaƙƙun hanyoyin ruwa na ƙasar Ingila bayan hukuma ta yanke musu ƙauna. Abin da ake nufi da haƙaƙƙiyar hanyar ruwa shi ne doguwar korama da mutane suka tona da hannu domin jiragen kaya su bi. Inda ƙasa ke da tudu, akan gina wani ɗaki mai ƙofofi biyu, jirgi ya shiga, a cika shi da ruwa ko a rage, jirgin ya hau ko ya sauka. Wannan ɗaki shi ne za a kira matakalar ruwa a nan.

Zamanin waɗannan hanyoyi ya soma bunƙasa ne a 1761, sa'ad da aka buɗe hanyar Bridgewater wadda ta riƙa kai kwal birnin Manchesta. Doki guda yakan ja jirgi mai ɗauke da kaya wajen tan 25, nauyin da ba zai ko motsa ba a kan turba. Amma zuwan jirgin ƙasa ya karya kasuwarsu. Kamfanonin reluwe suka saye da yawa daga cikinsu, suka bar su suna lalacewa, domin ba wanda zai kashe kuɗi ya raya kishiyarsa. Hanyar Stratford, wadda aka gama haƙawa a 1816, ta faɗa hannun kamfanin reluwe a 1856.

A 1944 L. T. C. Rolt ya wallafa littafinsa mai suna Narrow Boat, inda ya bayyana tafiyarsa a kan ragowar hanyoyin da rayuwar iyalan da ke zaune cikin jiragen kaya. Littafin ya ja hankalin Robert Aickman, kuma a 1946 suka kafa ƙungiyar kare hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, watau IWA. Zaman nasu bai daɗe ba. Aickman na ganin kada a bari a rufe ko da mil guda. Rolt kuwa ya fi damuwa da hanyoyin da za su iya ci gaba da ɗaukar kaya, tare da sana'ar mutanen cikinsu. A 1951 aka kori Rolt daga ƙungiyar da littafinsa ya haifar.

Batun Stratford ya taso ne a 1958. Majalisar lardin Warwickshire tana son ta sake gadar Wilmcote ba tare da ta bar wa jirage sararin wucewa ba, saboda haka ta nemi a soke ɓangaren kudu na hanyar, mai tsawon kimanin mil 13 da matakalu fiye da 30, bisa hujjar cewa shekara uku babu wanda ya bi ta. Sai masu adawa suka fito da takardar shaidar biyan kuɗin wucewa wadda aka ba wani mai ƙaramin kwalekwale a cikin wannan lokaci. 'Yar takardar nan ita ta rushe hujjar majalisa. Abin lura a nan shi ne, tun kafin a ɗauki shebur, da doka da takarda aka fara yaƙin, kuma wannan ya zama al'adar ƙungiyoyin da suka biyo baya.

Hana rufewa dabam, gyara dabam. A 1960 ƙungiyar National Trust, mai kula da kayan tarihi, ta karɓi wannan ɓangare, aka ɗora David Hutchings a kan aikin, aka fara a 1961. Ƙofofin matakalu sun ruɓe, bangayensu sun zube, laka da ciyawa sun cike kwarin. Masu sa kai suka riƙa zuwa ranakun hutu suna yashe laka. Sai dai bai kamata a ɗauka cewa su kaɗai suka yi aikin ba, kamar yadda akan ba da labarin a wasu lokuta: sojojin injiniya sun sa hannu, an kuma kawo fursunoni daga gidan yarin Winson Green na Bamingham, waɗanda ba za a ce da su masu sa kai ba. A watan Yuli na 1964 uwar Sarauniya Elizabet ta buɗe hanyar.

Nasarar ta zo daidai da mutuwar sana'ar da aka haƙa hanyoyin dominta. Tsananin sanyin 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwa na tsawon makonni, jiragen kaya suka tsaya cik, masu kaya suka koma ga motoci, akasarinsu ba su dawo ba. Dokar sufuri ta 1968 ta kasa hanyoyin kashi uku: na kasuwanci, na yawon shaƙatawa, da ragowa waɗanda hukuma ba ta ɗauki alkawarin gyarawa ba. Kan wannan kashi na uku gayya ta koma. A watan Satumba na shekarar, mutum fiye da 600 suka taru a hanyar Ashton kusa da Manchesta, suka kwashe shara kimanin tan 2,000 cikin kwana biyu. Aka sake buɗe ta a 1974. Hanyar Kennet da Avon kuwa sai a 1990 aka kammala ta.

Ra'ayin Aickman ne ya yi rinjaye, amma jiragen da suka cika hanyoyin na masu hutu ne, iyalan da Rolt ya rubuta labarinsu kuwa suka watse. Nauyin kula da hanyar Stratford ma ya fi ƙarfin National Trust, har ta miƙa ta ga hukumar hanyoyin ruwa a 1988. A 2012 gwamnati ta danƙa hanyoyin Ingila da Wales, kimanin mil 2,000, ga wata ƙungiyar amana mai suna Canal and River Trust, wadda ke dogara da masu sa kai wajen buɗe matakalu da share gaɓa.